Injin da Na Zaɓa wa Kalebu

Ku yi haƙuri masu karatu, yau ba ni da bakin doguwar gaisuwa, raina a ɓace yake. Ni ce Saloma, ɗiyar Malam Ishaya maɗinki a nan Madarunfa, kuma tun da uwata ta haife ni ban taɓa zaton ƙarfe mai baƙin mai zai hana ni cin tuwo ba sai a kakar bana. Ku saurara tukuna, in na gama sai ku faɗa mini ko ku da kuke can za ku iya haɗiye abin da aka ce in haɗiye.

Kalebu shi ne zai aure ni. An kai gaisuwa, fasto ya sani, kwanonin jerena ma suna ƙarƙashin gadon Inna an lulluɓe su da tsohon zane. Sana'arsa janwe, motar nan mai ƙugiya da sarƙa a baya wadda ke ciro kamiyo, wato babbar motar kaya, in ya faɗa rami ko ya kafe a yashi. Gadonta ya yi wurin mahaifinsa, ta kuma girme ni nesa ba kusa ba. An ce koriya ce a da, yanzu kuwa ba mai iya rantsuwa a kan launinta. Amma daga Gabi har Ɗan Issa, duk direban da ya taɓa kafewa da lodin gyaɗa ya san darajarta.

Ana tsakiyar damina ta mutu. Ta je ciro wata mota a kwazazzabon hanyar Gabi, injin ya yi wata irin ƙara ya fashe, buwat ɗin bitas kuma, wato akwatin giya, haƙoransa suka zube. Janwe guda, da shanun noma aka jawo ta gida, rabin gari na dariya. Aka ɗora ta kan duwatsu a gindin tsamiyar da ke bayan dangarmu, inda Kalebu ke aikinsa. Daga wurin turminmu ina hango shi, shi ya sa Inna ke cewa dakana ya fi yawa in yana nan.

Baba bai ja magana ba. Yana kan keken ɗinkinsa, ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Kalebu, ba ni ba da ɗiyata ga mutumin da motarsa ke bisa duwatsu. In ta tashi kafin a buɗe cinikin gyaɗa, a ɗaura aure bayan Kirsimeti. In ba ta tashi ba, sai mu jira abin da Ubangiji zai yi."

To, inji biyu aka samu. Ɗaya a Ɗan Issa wurin Alhaji Garba, na isansi wato fetur, daga wani kamiyon Najeriya da ya kife. Shekarar nan da ake ta cewa Najeriya za ta koma tuƙi ta hannun dama irin namu, masu tsoffin motoci suna ta rabuwa da su. Ɗayan kuma a Maraɗi, na gazuwal wato dizal, da buwat ɗinsa a manne, a garejin Baba Toma abokin marigayi mahaifin Kalebu. Da a ce Baba Toma ƴaƴa maza kaɗai ya haifa, da yau ba ku ji bakina ba.

Wata Lahadi suka zo sujada majami'armu, shi da ɗiyarsa Esther. Ni na sha sabuwar atamfata mai ganyen rogo, na ɗaura kallabi na turo shi gaba, na zizara kwalli, ina ganin yau ba ta biyuna. Sai ga wannan ta sauko daga mota da rob, rigar nan ta matan Turawa, fara mai ɗamara a ƙugu, takalmi mai tsini, agogo a hannu, ga ƙaramar jaka da ba ta ɗaukar komai sai yanga. Ta yi lakwal, karatun boko, har ta ƙare, in ta buɗe baki rabi Hausa rabi Faransanci. Da aka tashi waƙa ta ja murya sama, har tsofaffin zumuntar mata suna waiwaye. Na rufe littafin waƙoƙina, don ni dai waƙar ta fita raina.

Bayan an tashi muna tsaye a bakin ƙofa, ta nufo mu tana taku ɗai-ɗai.

"Yaya Kalebu, yaushe za ka zo ka ɗauki injinmu?"

Yaya! Da wace uwar suka haɗa?

"Ina tafe, Esther, ina dai duba na Ɗan Issa tukuna."

"Kai, bar wancan. Papa ya ce kai ɗansa ne, ka ɗauka kawai, magana daga baya." Sai ta juyo ta dube ni sama da ƙasa tana murmushi. "Ke ce Saloma? Ai in aka sa injinmu ba sai an gaya miki ya dawo ba. Gazuwal murya gare shi, tun daga bakin tafki za ki ji mu."

Za ki ji mu. Na ce, "Madalla," na kuma yi murmushin da ni kaina na san bai kai ko'ina ba. Kalebu kuwa sai washe baki yake, shi ala dole an yabi inji.

Da muka koma gida ban iya cin komai ba. Inna tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ta kalle ni ta taɓe baki.

"Kin ji da kunnenki ko? Magana daga baya. Ke kin san wace magana ce ta baya? Toma ba shi da ɗa namiji, gareji gare shi, ɗiya gare shi. Ba a ba saurayi inji kyauta don Allah kaɗai."

"Inna, abokin babansa ne fa."

"Ni ma ina da abokan babana, wa ya ba ni ko akuya? Ki zauna nan kina ta daka, ki ga in ba a daka miki shi a Maraɗi ba."

Kamar wannan bai isa ba, sai ga Rabi, ƙawata ta maƙwabta. Mijinta Sule kullum yana kan hanyar Maraɗi da motar kifi, duk abin da ya gani sai ya kawo mata, ita kuma ba ta kwana da shi. Ta ajiye ƙwaryar furarta, ta zauna kusa da ni, ta rage murya irin ta mai jaje.

"Ƙawa, ba don in ɓata miki rai ba."

"Faɗi kawai."

"Sule ya ga mutuminki a garejin Toma ran Alhamis. Wai akwai littafin injin, da Faransanci aka rubuta, ita ke karanta masa tana fassarawa. Benci guda, ƙawa. Ya ce kansu har yana gogar juna."

"Sai me? Aiki ne."

"Haka na ce wa Sule. Ya ce to, shi dai bai taɓa ganin littafin inji mai ban dariya ba."

Kishi, jama'a! Na sha ji ana faɗi, ranar na san shi. Na ji kamar in tashi in taka da ƙafa har Maraɗi in yaga littafin nan shafi-shafi. Abin da ya fi ci mini rai ba bencin ba ne, maganar muryar nan ce. Na hango kaina ina amarya a ɗakina, janwe ta taso daga bakin tafki tana ruri, matan unguwa suna zunɗen juna suna cewa ga gidan Toma nan tafe. Safe da yamma, shekara da shekaru, muryar Esther a ƙofar gidana.

Washegari bayan la'asar na yafa gyale na zagaya gindin tsamiya. Yana kwance ƙarƙashin motar, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Na tsaya ban yi sallama ba, sai da ya gane silifas ɗina ya mirgino waje yana goge hannu da tsumma.

"A'a, Saloma, lahiya? Wa ya taɓa mini ke?"

"Wane inji ka zaɓa?"

Nan da nan fuskarsa ta yi haske, don in kana son Kalebu ya yi surutu to ka tambaye shi ƙarfe. Ya ce duka biyun ya saurara. Yadda suke yi, a tayar da inji a ƙasa, mutum ya kafa dogon ƙarfe a jikinsa ya sa ɗaya bakin a kunne, ya ji abin da ke ciki. Na Ɗan Issa lafiyarsa ƙalau, yana da gudu, amma shan isansi gare shi. Na Maraɗi ba ya sauri, sai dai ƙarfin ja, kuma janwe ja ake nema wurinta ba tsere ba.

"Ga kuma babbar magana," in ji shi, ya durƙusa ya nuna mini ƙarƙashin motar. "Kin ga sandar can? Ita ke juya abin da ke naɗe sarƙa. Daga jikin buwat take samun ƙarfi, ta wata ƴar ƙofa a gefe. Buwat ɗin Baba Toma yana da ƙofar. Na Alhaji Garba ba shi da ita, na kamiyon kaya ne. In na sa shi, mota za ta yi tafiya amma ko jaki ba za ta ciro daga rami ba."

"Wato ka gama zaɓe."

"Ai abin a fili yake."

"Littafin ne ya gaya maka, ko mai karanta littafin?"

Ni kuwa na riga na cika, sai na fashe. Na faɗa masa benci, na faɗa masa dariya, na faɗa masa "Yaya Kalebu" da irin muryarta har da karya wuya. Ya fara dariya, da ya ga hawaye sai ya haɗiye ta.

"Haba Saloma. Yarinyar da na goya tana ƙarama?"

"Yanzu ai ta wuce goyo. Ka ji ni da kyau, Kalebu, ba zan zauna a gidan da kullum injin gidan Toma ke mini ruri a ƙofa ba. In shi za ka sa, ka je ka ce wa Baba ka fasa."

"To sarƙar fa? Da mi zan ja?"

A nan ne dabara ta zo mini, har na ji daɗin kaina. Buwat ai ba ya magana. Yana can ƙasa cikin laka da baƙin mai, ba mai ganinsa, ba mai jinsa. Na share hawaye na ce, "Ka karɓi buwat ɗin nasu tunda dole ne. Inji kuwa ka ɗauko na Ɗan Issa."

Ya dafe kai. "Saloma, ba haka ake yi ba. Wannan daban, wancan daban, ba uwa ɗaya ta haife su ba. Bari in gaya miki abin da..."

"Ana iyawa ko ba a iyawa?"

"Ana iyawa, amma aikin..."

"Shi ke nan. Kada ka ƙara ambata mini buwat, kada ka ƙara ambata mini Maraɗi. Ni ko ita, ka zaɓa."

Ya yi ta murza tsumman nan kamar zai tsinka shi. Can ya ce a hankali, "Ke na zaɓa tun ba yau ba." Na juya na tafi ina taku kamar wadda ta ci kasuwa. Inna ta ce yanzu na zama mace, har ta yanka mini tsokar kifi mafi girma.

Ranar da aka kawo injin Ɗan Issa kuwa, ku zo ku ga Saloma. A bayan motar Sule aka ɗauko shi, an ɗaure da igiyoyi a kan tsoffin tayoyi, maza suka taru da sanduna suka sauke shi suna nishi. Na dama kunun tsamiya tulu guda na aika musu, na sake wanka, na ɗaura zanen saƙi na Inna, na tsaya jikin danga ina kallo. Baƙi ne, mummuna, duk ya yi tsatsa a gefe ɗaya, amma a idona ya fi duk wani abu kyau a Madarunfa. Rabi ta ce, "Ƙawa, kin iya." Na ce, "A je a gaya wa mai agogo." Na lura Kalebu bai cika fara'a ba, yana ta gwada wani abu da zare a bayan injin yana girgiza kai. Sau biyu ya nufo danga kamar mai son magana, ni kuma da na ji ya fara da "game da buwat ɗin nan" sai in toshe kunne in shige ɗaki.

Ran Talata da hantsi ina shanyar gero a tabarma, na ji rurin babbar mota ta tsaya bayan gidanmu. Na leƙa. Kamiyon Baba Toma ne, ya juyo da baya ya saita janwe. Mutane sun riga sun mayar mata da tayoyinta, sun ɗora injina na Ɗan Issa a bayanta sun ɗaure. Kalebu na tsaye da wankakkiyar riga, a hannunsa akwai akwatin kwanonsa na tufafi da tabarma a naɗe.

Ban san lokacin da na fita ba, ko gyale babu.

"Ina za a kai ta? Kai kuma ina za ka da akwati?"

Ya ajiye akwatin. "Maraɗi."

"Maraɗi wurin wa?"

Baba Toma ne ya amsa. Ya sauko yana gyara hularsa, dattijo mai fara'a, na durƙusa na gaishe shi.

"Tashi ɗiyata, tashi. Ke ce kika ba mu aiki haka? Na ce wa yaron nan, inji da buwat ɗina tare suka zo duniya, ya kawo su nan gindin tsamiya ya ɗaura, kafin sati ya zagayo mota ta tashi. Ya ce a'a, shi na Ɗan Issa yake so. To bakin wancan da bakin wannan ba su haɗuwa, ramukan kusoshinsu ma ba su kallon juna. Sai an yanka faranti na ƙarfe a tsakani, a sassaƙe shi, a gwada, a sauke, a sake sassaƙa. Injin sassaƙa ƙarfe kuwa duk yankin nan sai garejina."

Na ce, "Baba, har yaushe?"

"Wa ya sani? Irin wannan aiki ba a yi masa alkawari. In an yi sa'a, kafin a buɗe cinikin gyaɗa. In ba a yi ba..." Ya buɗe hannuwa. "Amma kada ki damu da shi, ba zai kwana a gareji ba. Gidana gidansa ne."

Na juya na kalli Kalebu. Bai yi fushi ba, da ma ya yi, da na samu abin kamawa. Ya ce, "Na so in gaya miki, Saloma. Kin ce kada in ƙara ambata."

"To a fasa! A mayar wa Alhaji Garba nasa, a sa na gazuwal ɗin a nan!"

"Ai na gazuwal ya tafi," in ji Baba Toma. "Da Kalebu ya ce ba ya so, wani mai kamiyo daga garin Sarkin Yamma ya ɗauke shi washegari."

Na waiga, ga Inna a bakin danga ta riƙe haɓa, ita da ta zuga ni yanzu ko uffan. Ga Baba ya fito da almakashi a hannu, ya dubi janwe, ya dube ni, ya koma ciki. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Da hannuna, da bakina, da kunun tsamiyata, na naɗe Kalebu na kai shi gidan da nake gudu.

Aka ɗaura sarƙa. Kalebu ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Zan riƙa zuwa sujada in aiki ya bari. In da saƙo ki ba Sule."

Na gyaɗa kai, don na rantse ba zan yi kuka gaban mutanen Maraɗi ba. Ya shiga janwe ya kama sitiyari, tunda ko matacciyar mota sai da mai riƙe ta. Sai a lokacin ƙofar gaban kamiyon ta buɗe. Ashe Esther tana ciki tun ɗazu, tana kallon komai ta gilashi. Yau rob shuɗiya ta sa, da ɗan kallabi mai santsi. Ta sauko a hankali don kada takalminta ya nutse a yashi, ta zo har gabana ta kama hannuna, ga ƙamshin turarenta, ga ni da ƙaiƙayin gero har gira.

"Saloma, sannu. Ki kwantar da hankalinki, kin ji? Na share masa ɗakin da ke kallon namu, na sa masa labule. Abinci ma ni zan riƙa kai masa gareji da rana." Ta ɗan matse hannuna. "Har na gaya wa Mama a rage barkono a miya, tunda kin san yana tayar masa da ciwon ciki."

Ta sake ni ta koma mota, kamiyo ya ja, sarƙa ta miƙe, janwe ta bi shi a baya.

Masu karatu, tun ranar da Kalebu ya fara zuwa zance gidanmu nake soya masa kifin tafki ina bulbula masa barkono, yana cinyewa tas, yana share gumi, yana ce mini ya yi daɗi. Ko sau ɗaya bai taɓa gaya mini yana sa shi ciwo ba. Ita ya gaya wa.